Waiwaye: Katun ɗin Avatar da Fuskokin da Aka Sauya

A watan Fabrairun 2005 tashar Nickelodeon ta Amurka ta fara nuna katun mai suna Avatar: The Last Airbender. Turawa biyu ne suka ƙirƙire shi, Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko, amma duniyar da suka gina, ta al'ummomi huɗu masu sarrafa ruwa da ƙasa da iska da wuta, akasarinta daga Asiya suka ɗauko ta. Mutanen ruwa an kwaikwayo su daga Inuit na yankin ƙanƙara, daular ƙasa ta yi kama da tsohuwar Sin, masu sarrafa iska kuwa sufaye ne irin na Tibet, sai daular wuta mai mamaye maƙwabta.

Abin da ya sa shirin ya zauna a zukata shi ne ba a yi masa aikin ganin ido ba. An ɗauko malamin kokawar Sin, Sifu Kisu, ya tsara wa kowace al'umma salon motsinta. Mai sarrafa ruwa yana juya hannu a hankali irin na tai chi, mai wuta kuma yana kai naushi da shuri irin na Shaolin ta arewa. Hatta takardar cigiyar ɓarawo da aka manna a bango, da rubutun Sin na gaske Siu-Leung Lee ya rubuta ta, mai iya harshen zai karanta. Ga Toph, yarinya makauniya 'yar shekara 12, wadda take jin motsin abokin gaba ta tafin ƙafarta. Ba a nemi kowa ya tausaya mata ba. Ita ce ma take tsokanar abokanta duk sanda suka manta suka miƙo mata takarda ta duba.

Sai 2010 ta zo, M. Night Shyamalan ya mai da labarin fim na mutane. Katara da Sokka, jaruman mutanen ruwa da yara suka saba gani da fata mai duhu, aka ba wa Nicola Peltz da Jackson Rathbone. Zuko, yariman wuta da ke farautarsu, ya faɗa hannun Dev Patel bayan Jesse McCartney ya janye. Aka wayi gari jarumai farare, mamaya kuwa ta masu duhun fata. Matasan da suka tashi da katun ɗin suka yi ta aika wasiƙun koke, suka kafa ƙungiyar Racebending. Fim ɗin ya kwashi lambobin Razzie biyar, waɗanda ake ba finafinan da suka fi lalacewa, ci gabansa kuma bai taɓa fitowa ba.

Kada a wanke katun ɗin tas. Yawancin masu ba da muryoyinsa Turawa ne. 'Yan wasa Mako da Dante Basco na cikin 'yan kaɗan masu asalin Asiya. Amma masu shi sun ƙasƙantar da kai sun tambayi masu abu, masu fim kuwa sun ɗauka yaro ba ya lura da fuska. Yana lura, kuma yakan girma ya tuna.

Da Netflix ta sake yin labarin a 2024, ta ba Kiawentiio, 'yar ƙabilar Mohawk, matsayin Katara, Dallas Liu ya zama Zuko. Fuska dai ta gyaru, sai dai a ganina raha da wasan yara sun ragu ƙwarai. DiMartino da Konietzko tun a 2020 suka tsame hannunsu daga aikin, saboda saɓani kan yadda za a tafiyar da labarin.