Kafin inji ya buga, sai da ya yi maka magana

Kusan kullum sai hoton nan ya wuce ta gabanka a Facebook ko TikTok: mota a gefen titi, baƙin mai ya malale a ƙasa, wani ƙarfe ya leƙo ta gefen inji. Mai motar ya rubuta wai inji ya buga ba gaira ba dalili, abokai kuma suna ta "hassada ce, sai addu'a". Addu'a kam dole ce. Amma "ba dalili" ɗin nan ne ban yarda da shi ba.

Ƙarfen da ya leƙo shi ne konrod, sandar da ta haɗa fistin da kiranshaf. A gindinsa akwai siririn ƙarfen da makanikai ke kira metal, kuma abin da ya raba shi da kiranshaf ɗan shafin baƙin mai ne da bai kai kaurin gashi ba. Idan allura tana kan 3,000, kiranshaf na juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Da zarar mai ya yi ƙasa, ko ya tsufa, ko famfonsa ya gaji, ƙarfe zai fara cin ƙarfe. Daga nan kake jin ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, wadda ke ƙara sauri duk lokacin da ka taka totur.

A wannan lokacin gyara yana da sauƙi. Makanike na gari zai juye man ya duba ko akwai ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, ya cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya har ya gano silindar da ƙarar ke raguwa. A sauya metal, a kai kiranshaf a goge shi in ya ji ciwo, a ɗaure da awo, ba da ƙarfin damtse ba.

To mu me muke yi? Mu ƙure waƙa. Ko a ce mana "zuba mai mai kauri, zai yi shiru". Eh, zai yi shiru, kamar yadda maganin ciwon kai ke sa ka manta da haƙorin da ya ruɓe. Ranar da konrod ya tsinke ya huda bulok, zancen metal ya ƙare. Walda a wurin nan asarar kuɗi ce, sai dai a nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka neman injin Beljiyam, wanda kai ma ba ka san wahalar da ya sha a hannun mai shi na farko ba.

Damina ma tana da nata. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka in inji ya zuƙi ruwan kwata, konrod ke lanƙwashewa. Mota ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murza makulli, ko da kyamarar abokinka na kanka.

Masu shirin sayen motar farko kuma, ku sani wasu dillalai sun san dabarar mai mai kauri fiye da kowa. Kada ka saurari inji yana sanyi ka biya. Ka zaga da motar kamar minti 20 har man ya yi zafi ya tsinke, ka kashe rediyo da esi, ka buɗe bonet, wani ya taka totur a hankali kai kuma ka kasa kunne.