Ni ce na saya mata tikitin mota, kuma ban yi nadama ba

Da na so in yi shiru, amma maganar ta kai har gidan surukaina, an ce wai mu wasu "matan boko" mun haɗa baki mun sace matar mutane mun tura ta kudu yawon duniya. To tunda abin ya zama haka, bari in faɗa da bakina: eh, mun taimaki ƙawarmu ta bar garin nan. Mu biyar ne, tun muna jami'a muke tare. Ni ce na saya mata tikitin mota. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi garin da take ba, ya isa a ce tafiyar yini da kwana ce. Da izininta nake wannan rubutu.

Farko dai a gyara magana. Ba matar kowa ba ce. Ya sake ta saki uku, da rubutun hannunsa, gaban shaidu. Ta yi idda ta gama yau shekara biyu. A wace mazhaba ce namiji yake da iko da macen da ta gama iddarsa? Ku tambayi kowane malami a unguwarku. Igiya ta tsinke, abin da ya rage tsakaninsu 'yarsu ce kawai mai shekara 7. Amma shi a ransa kamar fili ne ya saya ya katange, ko bai yi gini ba ba mai taɓawa.

Ku ji irin zaman da ta yi a shekaru biyun nan. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai zaman kansa. Ya riƙa zuwa yana ajiye mota a bakin ƙofa lokacin tashinta, ba ya cewa komai, kallo kawai. Ya shiga wajen mai asibitin ya ce a kore ta, wai ba ta da kamun kai. Mutum biyu suka fito neman aurenta, kowanne ya bi shi har wajen sana'arsa ya gaya masa maganganun da ba zan iya rubutawa ba, suka janye. Wayar da ke hannunta shi ya saya tun suna tare, da adireshinsa aka buɗe ta, ashe duk inda ta taka yana gani. Kuɗi in sun shiga asusunta, saƙon banki lambarsa yake zuwa. Ranar da ta je gidan suna a wata unguwa, kafin ta zauna ya turo mata saƙo yana faɗa mata kalar mayafin da ta yafa. Ƙarfe biyun dare zai kira ya ce in ba shi ba sai dai kabari. Mace mai fara'a ta koma ba ta barci, in babur ya tsaya a ƙofar gida sai jikinta ya hau rawa.

Masu cewa me ya sa ba a bi ta hanyar manya ba, wa ya gaya muku ba a bi ba? An zauna da mai unguwa. An zauna da limami. An kai ƙara inda ya kamata a kai, aka sa shi ya rubuta takardar alkawari cewa ya daina, bayan kwana tara ya dawo bakin asibiti. Da aka koma, amsar da aka ba mu ita ce: "Hajiya, ya dake ta ne? Ina rauni? Ai wannan maganar cikin gida ce, ku je ku sasanta." Wato sai an ga jini. Sai an watsa mata ruwan batir a fuska, ko an tsinci gawarta, sannan kowa zai sa hotonta a shafinsa yana Inna lillahi, ana neman a yi adalci. Mun iya ihu bayan hari, wannan kam ba a fi mu ba.

Abin takaici, doka ta san wannan laifin. Tun 2015 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. A cikinta bibiyar mutum da sa masa ido don tsorata shi laifi ne mai zaman kansa, hukuncinsa ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar da za ta iya kai naira 500,000, ko duka biyun. Ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya, a hana mutum kusantar gidan wanda yake takura wa ko wurin aikinsa. Sai dai dokar ta tarayya a Abuja take aiki kai tsaye, kowace jiha sai majalisarta ta yi tata, kamar yadda Kaduna ta yi a 2018. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, shekarata 17 ina ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, na san nisan da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake yi. Dokar da wanda ke zaune a kan kanta bai taɓa jin sunanta ba, ba za ta tare wa kowa wuƙa ba.

Sai masu cewa ta yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, ni ma da shi nake zaune a ɗakina shekara 19. Amma haƙuri da me? Da aure ake cewa a yi haƙuri don kada ya mutu. Wannan auren ya mutu, shi ya kashe shi da kansa. Suratul Baƙara ta yi hani a fili game da riƙe mace don a cutar da ita, wannan fa a kan wadda igiya ke kanta ne, ina ga wadda ba ka da komai a kanta? Na lura duk masu wa'azin haƙurin nan fuskarsu wajenta take. Ban ji mutum ɗaya ya tako ya je ya ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah, ka fita harkar baiwar Allahn nan" ba. Saboda yana da ɗan abin hannu, yana sahun gaba a masallaci, yana raba shinkafa da azumi.

Akwai magana ɗaya da na yarda tana da nauyi, ita ce ta yarinya. Uba yana da haƙƙi a kan 'yarsa, ko da ya munana wa uwarta. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, riƙon 'ya mace yana hannun uwa har ta yi aure, amma malamai sun yi bayani a kan tafiya mai nisa da yaro, ba a yin ta da ka. Shi ya sa ba mu yi gaban kanmu ba. Mun nemi lauya mace ta ƙungiyar FIDA, aka je kotu, aka yi sulhu a rubuce. Duk hutun makaranta yayan ƙawarmu zai kawo yarinyar gidan kakarta ta wajen uba. Kun san wa ya fara goyon bayan haka? Mahaifiyarsa. Tsohuwar nan ta kama hannun ƙawarmu tana kuka, ta ce, "'Yar nan, ki tafi, ni na haife shi, na fi kowa sanin halinsa." To ku da kuka fi uwarsa sonsa, sai ku yi bayani.

Ga yadda muka yi, ko wata za ta amfana. Ba mu gaya wa kowa ba sai iyayenta da yayanta. Muka ba ta kwasar adashinmu na wata biyu. Gado da kujeru da firji dillaliya ta saye a hankali, ɗaya bayan ɗaya, don kada a ga motar kaya a ƙofar gida. Takardun makarantarta, lasisin aikinta, takardar saki, takardar haihuwar yarinya da kwafin sulhun kotu suka kwana a gidana mako uku. Ta je banki da kanta ta canja lambar da saƙo ke shiga. Aka sayi sabuwar waya da sabon layi, tsohuwar aka bar ta a kunne a ɗakin mahaifiyarta. Duk saƙonnin barazanar da ya turo an ɗauki hotonsu an ajiye a wuri biyu. Ɗaya daga cikinmu da ke aure a can ta samo mata aiki da ɗaki kusa da gwaggonta kafin ta taso. Ranar tafiya, bayan sallar asuba, mijina ya kai su tasha. Yayanta ne ya raka ta har can, don masu tambayar muharrami su huta.

Kada wani ya ɗauka murna nake. Wallahi raina a ɓace yake. Ita da ba ta yi laifin komai ba, ita ce ta bar mahaifiyarta mai ciwon suga, ta bar unguwar da aka haife ta, ta koma inda ko yaren ba ta ji. Shi kuwa yana nan yana yawo, yana shan shayi a majalisa, har an fara yi masa maganar wata yarinya. Iyayen yarinyar nan, in rubutun nan ya iso gare ku, ku yi bincike tun kafin ku karɓi sadaki.

Maza 'yan'uwana, wannan aikin naku ne kafin ya zama namu. Kun san irin waɗannan mutanen, abokanku ne, kuna jin abin da suke faɗa in an zauna. In abokinka ya ce tsohuwar matarsa ba za ta yi aure ba yana raye, kada ka yi dariya, ka tsawata masa. Mata kuma, in ƙawarki ta ce tana jin tsoro, ki yarda da ita tun ranar farko, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Shekaranjiya ta kira ni da safe. Ta ce, "Yaya, kin san na yi barci har na makara sallah?" Muka yi dariya, sannan muka yi kuka. Wanda yake ganin mun yi laifi ya zo ya same ni, ya san gidana, ya san ofishina. In gobe wata ta ƙwanƙwasa min ƙofa da irin wannan matsalar, zan sake sayen tikiti. Allah ya kare mana 'ya'yanmu, ya shiryi masu irin wannan hali.