RA'AYINMU: Kamfanonin Abinci Da Gonakinmu

Da yawa cikin masu karanta wannan shafi manoma ne na dawa, masara da waken soya, amma ba kowa ya san inda buhunsa ke ƙarewa ba bayan ya bar hannun dillali. A shekarar 1988 gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai masana'antun kudu suka juyo arewa neman dawa. Tun daga nan hatsinmu yake shiga gwangwani da kwali: dawa cikin Milo, masara da waken soya cikin Golden Morn.

Yanzu kamfanonin sun zo da sabuwar magana. A 2020 Nestlé ya fitar da tsarin cika alkawarinsa cewa zuwa 2050 hayaƙin da yake jawowa mai ɗumama duniya ba zai wuce wanda yake kawarwa ba, ya kuma ce kusan kashi biyu cikin uku na hayaƙin nan daga noma da kiwo yake fitowa. Wato daga wurin irinmu. Saboda haka malaman gona na kamfanoni dabam dabam suke cewa a daina ƙona kara, a riƙa juya shuka, bara waken soya bana masara, a binne takin Yuriya maimakon watsa shi, a kuma bar itatuwa cikin gona.

Ra'ayinmu shi ne, shawarar tana da kyau, kuma ba baƙuwa ba ce. Saiwar waken soya tana tara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye cikin buhu da tsada. Yuriyar da aka watsa a kan ƙasa ba a binne ba kuwa, wani kaso nata iska ke kwashewa, kuɗin manomi ke nan ya tashi. Kakanninmu ba sa sare gawo, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, hatsin da ke gindinsa ya fi kyau. A 1983 wani ɗan mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya soma koya wa manoma su bar kututturen da ke tohowa su riƙa gyara shi maimakon tumɓukewa, daga baya miliyoyin kadada suka sake samun itatuwa a Jamhuriyar Nijar. Littafin Firistoci sura 25 ma ya tanadar wa ƙasa shekarar hutunta.

Amma fa, 'yan'uwa, wa zai ɗauki nauyin canjin? Mutumin da ke zaune a ofis yana ganin kara shara ce. Mu kuwa da shi muke danga, da shi mata suke girki, shi ne abincin dabbobi da rani, wani ma sayarwa yake yi ya biya kuɗin makaranta. In an bar shi a gona kuma, dole a daidaita da makiyaya, wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce a yankunanmu. Binne taki yana cin ƙwadago, ƙasa kuma ba ta farfaɗowa cikin damina ɗaya. Kamfani zai rubuta a rahotonsa cewa ya rage hayaƙi, ya sami suna a Turai. Bai kamata gwauruwa mai kadada ɗaya ita ce za ta biya kuɗin sunan nan ba.

Don haka muna roƙon dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata, kada a bar wani ya sa hannu ko ya dangwala yatsa shi kaɗai. A karanta takardar da Hausa a gaban ƙungiya bayan sujada. A tambayi farashin buhu da ranar biya, da ƙarin da za a bayar saboda sabon aikin. A tambayi abin da zai faru da bashin iri da taki in ruwa ya ɗauke, da kuma wanda zai riƙe ma'auni.

Sauran magana tamu ce. Wanda ya karɓi iri da taki a kan alkawari, kaka ta yi farashi ya tashi, ya kwashe buhunansa da dare ya kai kasuwa, ya ci amana, ya kuma rufe wa ƙungiyarsa ƙofa baɗi. In farashin bai yi maka ba, ka faɗa tun kafin shuka.