Iyaye, Mu Riƙa Tambayar Fannin Da Ɗa Zai Karanta

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini don in ja hankalin iyaye 'yan'uwana na ƙasar Daura.

Sai da na sayar da shanu biyu a kasuwar Lahadi ta Mai'adua kafin ɗana ya gama digiri a kimiyyar siyasa. Ya yi bautar ƙasa, ya dawo, yau shekara uku yana zaune da na'urar POS a bakin tasha. 'Yar maƙwabcina kuwa, da ta karanta aikin ungozoma, ba ta yi wata shida ba aka ɗauke ta a asibiti. Laifina ne, wallahi, don da aka ce ya samu jami'a ban ko tambayi me zai karanta ba.

Dalilin a fili yake. Ma'aikatan jinya da likitoci ba su ishe mu ba, wasu ma suna ta tafiya Saudiyya da Ingila. Amma fannoni irin na ɗana ofishin gwamnati suke jira, gurbi ɗaya mutum ɗari, ko an samu kuma, mafi ƙarancin albashin da aka sa a 2024 Naira 70,000 ne.

Ga Jami'ar Sufuri a Daura, ga aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021. Ƙanensa dai na ce ya nemi injiniya.

Naka,
Wani ɗan tireda,
Mai'adua, Jihar Katsina.