Gidajen Sayar Da Abinci: Wani Na Yabo, Wani Na Kuka

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a ofisoshi da ɗakunan malamai na makarantun Kano, watau gardamar gidajen sayar da abinci. Sai ka ji akawu ya komo daga cin rana yana yabon wani gida na titin Gidan Zoo, yana cewa bai taɓa cin miyar taushe irin tasu ba, ga tsabta, ga fara'a. Kafin ya rufe baki abokin aikinsa ya karɓe, ya rantse shi ma da ƙafarsa ya je gidan nan, aka bar shi zaune kusan sa'a guda, da abincin ya zo kuma shinkafar ta huce, naman kamar igiya. Kowannensu ya ɗauka ɗan'uwansa ko dai santi ne ya kwashe shi, ko kuwa yana da wata ƙullalliya da mai gidan. A ganina dukansu biyu gaskiya su ke faɗi, kuma nan ne abin dubawa ya ke. In mutum biyu sun ci daga tukunya ɗaya, sun biya kuɗi ɗaya, sa'an nan suka fito da labari biyu, lalle ya kamata a binciki dalili.

Mu tuna da fari cewa cin abinci a hotal baƙon abu ne ga Bakano. A zamanin En'e, sa'ad da ƙidayar 1952 ta sami mutanen Kano wajen 130,000, akawu ya kan hau kekensa ya koma gida ya ci, ko kuwa a aiko yaro da kwano ɗaure cikin adiko. Magidanci ya zauna a bainar jama'a yana cin tuwon saye abin kunya ne, sai a soma tambaya ko uwargida ta yi yaji. Gidan tuwo na gwauraye ne da fatake da leburori. Hotal kuwa na Turawa ne da baƙin Sabon Gari, wadda ta kafu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Yau fa? Ƙaramar Hukumar Tarauni kaɗai, bisa ƙidayar 2006, ta haura mutum 220,000. Sunan Ƙauyen Alu ma ya isa shaida, don wurin da a ke kira ƙauye ga shi birni ya haɗiye shi, shi da Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa da Unguwa Uku. Malamin da ke kwana a Ƙauyen Alu yana koyarwa a Fagge, ko akawun da ke aiki a Sakatariyar Audu Baƙo, ba shi da halin komawa gida tsakar rana, balle tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu na 2023, kuɗin Adaidaita Sahu ya zama abin lissafi. Saboda haka abin da kakanninmu ke jin kunya, tilas ta mai da shi abincin yau da kullum. Abin da ya zama tilas ga ma'aikaci kuwa ya wuce zancen kwaɗayi, ya zama zancen albashinsa da mutuncinsa.

To, me ke kawo saɓanin nan? Na duba na ga dalilai huɗu, kuma ba dukansu ke da mai laifi ba.

Na ɗaya harshe ne. Kowa da miyar da aka yaye shi da ita. Wanda ya tashi gidan da a ke jefa daddawa sosai cikin miyar kuka zai ji miyar hotal salam. Wanda ya saba da man gyaɗa zai ce manja ya yi masa nauyi. Wannan yana neman yaji har gumi ya keto masa, wancan gyambon ciki ya hana shi ko sunsuna barkono. Kano kuwa matattara ce, ga dafuwar mutanen Kudu, ga ta Kwarori, ga ta Barebari, har gurasar da mu ke taƙama da ita ma daga wajen Larabawa ta zo mana. Wannan saɓani babu alƙalin da zai raba shi, kuma ba a kama kuku da laifi a kansa.

Na biyu lokaci ne, kuma shi ne wanda masu gardama suka fi mantawa. Tuwon shinkafa da aka kwashe da ƙarfe ɗaya ba shi ne tuwon ƙarfe huɗu ba, ko da tukunyarsu ɗaya. Wanda ya zo da wuri shi ke samun saman miya, da man da ya taso, da tsoka mai kyau. Wanda sallar azahar da aikin ofis suka riƙe har la'asar ya kan tarar an ƙara wa miya ruwa don ta kai yamma, shinkafa ta daɗe cikin kula ta yi gumi, nama ya saura jijiya da ƙashi, yaran gidan kuma sun yini a tsaye ƙafa ta gaji. Masa da ɗanwake ma haka su ke, da sun huce an gama. A waɗansu gidajen kukun rana dabam, na dare dabam. In wuta ta ɗauke, mai gida yana tsimin man injin, wanda ya ci cikin sanyin fanka da ruwa mai sanyi zai yi yabo, wanda ya ci yana fifita da hularsa zai yi tsaki. Nan laifin mai gida kaɗan ne, sai fa inda ya karɓi kuɗin saman miya ya ba da gindinta bai faɗa ba.

Na uku tsadar kaya ce. In shinkafa da masara sun tashi a Dawanau, tumatir da attaruhu sun tashi a 'Yan Kaba, gawayi da iskar gas sun bi sahu, mai gidan abinci hanya biyu gare shi. Ko ya ƙara kuɗi kowa ya gani, ko ya bar kuɗi yadda su ke ya rage ludayi, ya yanka nama uku inda dā biyu ya ke yankawa. Wanda ya ci bara da wanda ya ci bana sai su yi ta musu, alhali kuwa faranti biyu su ke kwatantawa. Ni na fi ganin girman mai ƙara kuɗi a fili. Mai rage ludayi a ɓoye yana zaton ba a gane ba, ya manta ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Na huɗu shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami, watau riga. Kowa ya zauna a gidan abinci na babban titi ya buɗe idonsa ya san abin da na ke nufi. Malamin makaranta ya shigo da alli a hannun rigarsa, ya yi sallama, ya zauna, ya ɗaga hannu sau uku ba wanda ya gan shi. Bayansa mota ta tsaya, mai babbar riga ya shigo yana kaɗa makulli, nan da nan yara biyu suka rufa masa, wannan na goge tebur, wancan na "Ranka ya daɗe, Alhaji, me za a kawo?" Tsokar da aka ce wa malam ta ƙare, sai ga ta ta fito. Gobe in su biyun nan suka ba da labarin gidan, yaya za a yi bakinsu ya zo ɗaya? Ɗaya an karɓe shi baƙo, ɗaya an karɓi kuɗinsa kawai.

Abin ya fi muni inda ba a rubuta farashi ba. Ɗan gari ya san kuɗin faranti, ba a yi masa wasa. Amma wannan yanki namu cike ya ke da mutanen da ba su san gari ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya, masu jinya suna zuwa daga Jigawa da Katsina har da Jamhuriyar Nijar, su yi mako suna sayen abinci safe da yamma da ragowar kuɗin magani. Tashar Unguwa Uku kullum tana sauke matafiya. Irin waɗannan ba su san kowa ba, ba su da bakin gardama, kuma wanda ba ya tsoron Allah cikin masu sayarwa ya san ba lalle su komo ba. Sai an cinye a faɗa musu kuɗi, a lissafa har da ruwan da ba su ce a kawo ba. Ba na cewa duk gidajen haka su ke. Akwai matan da ke tuƙa tuwo a rumfar kwano, waɗanda in sun ga mai jinya har ƙari su ke yi masa, Allah ya saka musu. Amma rashin rubutaccen farashi ƙofa ce buɗe, mai kirki da mugu duk ta nan su ke shiga.

Mu yi lissafi kaɗan. Mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Tarayya ta tsayar a 2024 Naira 70,000 ne a wata. In an raba shi kwana 30 bai kai Naira 2,400 a yini ba, kuma cikinsa ne haya da kuɗin makaranta da cefanen gida za su fito. Mutumin da ya ciri kuɗin faranti daga cikin wannan ya fi mai mota jin zafin fitarsu. In akwai wanda ya cancanci a tarbe shi da sakin fuska, ai shi ne.

Na san abin da masu gidajen za su ce. Za su ce Alhajin nan shi ke zuwa da mutum goma, shi ke ba da kwangilar abincin biki, shi ke barin canji, da irinsa a ke biyan haya. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hana ɗan kasuwa ya kyautata wa abokin cinikinsa na kullum. Gyara al'adarmu ce, mai fura ma tana yi. Amma gyara daga ribar mai kaya ta ke fita. Ranar da aka ɗebo ta daga farantin malam aka zuba a na Alhaji, ta tashi daga gyara ta koma tauye mudu. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, tilas ya yi masa aski.

Yaran da ke kai abinci su ma ba a ɗora musu laifin duka. Yaron da a ke ba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, in an fasa faranti a cire a ladansa, ina zai sa ido in ba inda canji ke fitowa ba? Mai gidan da ke son yaransa su daraja kowa, sai ya fara biyansu abin da zai raba su da roƙon ido, kuma ya riƙa fitowa daga bayan akwatin kuɗi yana duba wanda aka bari zaune.

Wannan ba sabon ilmi ba ne a Kano. Baturen nan Kilafaton, wanda ya shigo birni a 1824, ya rubuta yadda ya tarar da kasuwar Kano, wadda mu ke kira Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ya ce a kan sa sunan dillali cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, har in an kai kaya Barno aka kwance aka ga algus, a komo da su, dillali ya nemo mai su a mai da kuɗi. Watau baƙon da ya yi tafiyar wata guda bai rasa haƙƙinsa ba don ba ya nan. Da wannan amana Kano ta yi suna. A Faransa kuma, kamfanin tayar mota na Michelin, wanda ya fara buga littafin jagorar matafiya a 1900, ya soma ba gidajen abinci taurari a 1926, masu dubansa ba su bayyana kansu. Su kan shiga kamar kowa, su ci, su biya. Sun gane cewa abin da aka yi wa wanda ba a sani ba shi ne ainihin halin gida.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Cikinmu masu ci akwai mai shigowa ba sallama, ya kira yaro da tafi ko da "kai!", kamar bawan gidansu. Akwai mai zama kan kwalbar lemo ɗaya sa'a biyu, ya tare kujera ana tsaye. Akwai mai cin bashi har ƙarshen wata, albashi ya zo ya sake hanya. Akwai kuma wanda ya je sau ɗaya, da la'asar sakaliya, ya fito ya ɓata sunan gidan da mace ke ciyad da marayu da shi. Shaida ko a gaban alƙali ko a ofis shaida ce, a yi ta da adalci. In za ka ba da labarin gida, faɗi ranar da ka je, da lokacin, da abin da ka ci, kuma kafin ka kai ƙara wurin abokanka ka fara kai ta wurin mai gidan.

Ga abin da na ke roƙo, kuma babu mai tsada a ciki. Kowane gidan abinci, babba da ƙarami, ya kafa allo a ƙofa da farashin kowane faranti, da Hausa, da manyan lambobi, don wanda bai yi boko ba ma ya iya nunawa da yatsa. A sallami mutane bisa yadda suka shigo. Ludayi ya zama ɗaya. In abu ya ƙare ko ya kwana biyu a kula a faɗa tun kafin a zuba. Ƙananan hukumomi, da ta Tarauni a gaba tun da ita ke da titin asibiti da tasha, su sa allon farashi cikin sharuɗɗan ba da izinin buɗe gida, duba-gari kuma in sun zo duba tsabtar madafa da ruwan wanke-wanke su duba allon nan. Hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Jihar Kano ta riƙa aika ma'aikatanta cikin tufafin talakawa su ci su biya, don in sun zo da motar ofis tsoka za a ba su.

Ku kuma akawuna da malamai, ku ne kuka fi kowa yawa a teburan nan tsakar rana, ku ne kuma jama'a ke jin maganarku. Gidan da kuka ga ya mutunta mai jinya da ɗan ƙauye, ku kai kuɗinku can, ku kai abokanku, ko da benci ne da rumfa. Gidan da ya wulakanta na kusa da ku, kada tsokar da aka ba ku ta rufe muku baki. Masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita kuwa ba a sayo ta a Dawanau, balle a ce ta yi tsada. Allah ya sa masu abin su ji, su gyara.