Wuƙar Bango da Wuƙar Aiki

A duk makon al'adu da ake shiryawa a makarantun Agye, Gazawa da Gidan Rumji, ba a rasa tebur guda da aka jera wa wuƙaƙe masu kube ja da kore, da takubba masu ƙota ta farin ƙarfe. Manyan baƙi sukan tsaya su yaba, a ɗauki hoto, a miƙa wa babban baƙo ɗaya daga ciki ya je ya rataye a bangon ofis. Wanda ya zare irin wannan wuƙa daga kubenta zai tarar ko igiyar rama ba ta iya yankewa. An ƙera ta domin ido kawai, amma ita ake nuna wa yara da sunan gadon kakanni.

Wuƙar da kakanni suka sani abar aiki ce. Da ita mahauci ke feɗe sa, ya shata nama siriri domin kilishi. Da aska wanzami ke aikinsa ranar suna, kuma ana gobe babbar salla magidanta kan yi layi a maƙera domin a wasa wuƙar layya. Darajarta tana ga kaifinta, kaifin kuwa ilimi ne: gawayin ƙirya da ke riƙe zafi, bugun zugazugi, launin da ƙarfe ke yi kafin a ɗora shi kan uwar maƙera, da lokacin da ya dace a tsoma shi cikin ruwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake gani a jikin bango.

Masu tara wuƙaƙen ado sukan ce suna ceton al'ada daga ɓacewa. Da gaskiya ne, da maƙeri ya gani a aljihunsa. Narkar da tama ta riga ta ƙare a ƙasar Hausa tun cikin ƙarnin da ya wuce, lokacin da tsoffin ƙarafan mota suka wadata. Abin da ya rage shi ne ƙira, ita ma tana fama da wuƙaƙen kanti masu araha da ake shigowa da su daga Sin. Malamin da ke yabon ƙira a kan mumbari, alhali wuƙar madafinsa ta kanti ce, yana cikin masu kashe wutar maƙera.

Ajiya tana da muhallinta. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya ajiye kayan da, amma ya ba masu sana'a rumfuna suna aiki a gaban jama'a. Takobin da ke fadar Sarkin Gobir a Tibiri shaidar tarihi ne, ya cancanci a adana shi. Laifin shi ne ƙera sabuwar wuƙa marar kaifi a laƙaba mata sunan tarihi.

Manoman Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, sun yi suna wajen raya tohon itatuwa a gonakinsu, aikin da ya bazu a jahar Maraɗi tun shekarun 1980. Da adda da gatari suke rage rassan gawo da kalgo, kayan da ke dakushewa su koma wurin maƙeri. Irin wannan ciniki ne ke ciyar da maƙera.

Don haka ya kamata ƙungiyoyin al'adu su riƙa gayyato Sarkin Maƙera da zugazuginsa zuwa filin biki, malamai kuma su kai ɗalibai maƙera ranar kasuwa su ga yadda ake fitar da kaifi. Kyautar babban baƙo ta zama wuƙar da iyalinsa za su yanka albasa da ita. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma tsofaffin da suka san sirrinsa suna raguwa.