Katangar Da Ta Ci Hanya

Zuwa ga Edita,

Yau kukan unguwarmu ta Funtuwa na kawo. A da danga ake yi, mai unguwa ya nuna iyaka. Yanzu tsoron ɓarayi ya sa kowa sai bulo. Maƙwabcina ya ta da katanga ƙafa goma, ban ga laifinsa ba, amma ya ci hanya taku uku, ya toshe kwata. Amalanken masarata ba ya shiga, ruwan Agusta kuwa a zaurena ya kwana. Dokar tsara birane ta 1992 ta hana gini sai da izni. Ina roƙon hukuma ta bayyana mana da Hausa tsayin da ta yarda, da inda ake karɓar takardar, kafin kaka.

Haza wasalam.